Yadda ake gwajin salon tunani a waya ba tare da ka yaudari kanka ba

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Birnin Kebbi, aikinmu buga takardu da hoto da cike fom na JAMB da na neman aiki, to tun da wanga gwaji na hali ya fara yawo a WhatsApp kusan kullum sai an samu yaro ko yarinya sun shigo suna cewa Yaya a duba mini, ni INFJ ne ko INTP. Na zauna bayan mutane da yawa ina kallon suna danna amsa, kuma wallahi mafi yawansu sakamakon da suke fita da shi ba nasu ba ne, na wani mutum ne da suke sha'awar zama. Ni ma haka ta faru da ni, zan zo kan wannan. Ba zan tsaya koya wa kowa yadda ake buɗe burauza ba.

Da farko ka san wane gwaji za ka yi, don ba ɗaya ba ne. Mai haruffa huɗu ɗin nan da kowa ke saka wa a sitatus asalinsa MBTI ne, wata mata Katharine Cook Briggs da ɗiyarta Isabel Briggs Myers suka haɗa shi a Amurka wajajen yaƙin duniya na biyu, sun ɗora shi kan littafin da Carl Jung ya fitar a 1921. Yana raba mutane gida 16 ta tambayoyi iri huɗu: cikin mutane kake samun kuzari ko a kaɗaice, abin da ido ya gani kake kamawa ko abin da ke bayansa, da lissafi kake yanke hukunci ko da duba zuciyar mutane, sannan kana son tsari a rufe magana ko ka bar ƙofa a buɗe. Na ainihin kuɗi ake biya da dala. Wanda yaranmu ke yi kyauta shi ne na shafin 16Personalities, tambaya wajen 60, ya aro haruffan ne ya ƙara na biyar a ƙarshe, A ga mai yarda da kansa ko T ga mai yawan damuwa, akwai shi da Larabci ma ga wanda Larabcinsa ya fi Turancinsa ƙarfi. Na biyu shi ne Big Five, wanda masana halayyar ɗan Adam suka fi yarda da shi, shi ba ya saka ka a gida, awo yake yi maka a ma'auni biyar: son sabon abu, kula da tsari da cika aiki, shiga mutane, sauƙin kai, da saurin damuwa. Akwai mai tambaya 50 na IPIP, wani rumbun tambayoyin gwajin hali da Lewis Goldberg ya saki kyauta ga kowa. Na uku shi ne na Robert Sternberg wanda shi kam salon tunani zalla yake aunawa, ya kawo salo 13, uku na farko ya kwatanta su da ɓangarorin gwamnati, majalisa da zartarwa da shari'a. Ka ɗauki 'yan'uwa uku a gonar shinkafa ta fadama, ɗaya kullum shi ne mai cewa bana mu gwada dashe a layi mu canza iri, ɗaya a faɗa masa abin yi kawai ya yi shi tsaf har ya fi mai faɗin, na ukun yana tsaye bakin kunya yana lissafin inda waɗancan biyun suka yi kuskure. Duka ukun gonar na buƙatarsu.

Ni dai doka ta a shago, Big Five ake fara yi. Mai haruffan ka yi shi daga baya don nishaɗi. Kuma kada ka biya ko sisi, in shafi ya bari ka gama amsa duka sannan ya ce kawo kati kafin ka ga sakamako, rufe shi ka tafi wani, datar da ka ƙona ta isa asara.

Mataki na biyu, lokaci da wuri. Kada ka yi shi a majalisa abokai na leƙa wayarka, kada ka yi shi da la'asar ɗin azumi, kada ka yi shi ranar da kuka yi faɗa da maiɗaki ko cikin zafin watan Afrilu babu wuta kana zufa kamar an zuba maka ruwa, duk tambayar da ta ce kana saurin fushi za ka ce ƙwarai da gaske. Bayan asuba ko bayan isha'i, kai kaɗai, minti ashirin sun isa.

To yanzu ga inda kowa ke faɗuwa, wurin amsawa, kuma nan zan daɗe.

Matsala ta farko Turancin ne. Ba wai mutane ba su jin Turanci ba, a'a, tambayoyin ne an rubuta su don rayuwar wasu mutane can. A cikin tambayoyi 50 ɗin nan akwai wadda ke cewa kai ne ke raya fati. Wani yaro da ya zo cike fom ya danna ban yarda ba sam, na ce ƙanena kai da kai ne mai baki a duk bikin unguwarku, ya ce "Yaya mi yah haɗa ni da fati, ni ban siyasa." Shi jam'iyya ya fahimta. Wani kuma ya gane amma ya ce shi ba ya zuwa wurin rawa da kiɗa don haka a'a. Duka biyun sun ɓata awonsu, don abin da tambayar ke nema shi ne in mutane sun taru kai ne mai tada hira ko kai ne mai zama gefe. Saboda haka duk tambayar da ta zo ka maida ta gida kafin ka amsa. Fati ya zama walima ko suna ko majalisar bakin titi bayan magariba. Jadawalin aiki ya zama, ka san abin da za ka yi gobe tun yau ko sai gari ya waye ka ga abin da Allah ya kawo. Gidan ajiye zane-zane ya zama, in ka je Argungu kana shiga gidan tarihi na Kanta ka tsaya karanta abin da aka rubuta ko kifi kawai ya kai ka. Wannan ba ni kaɗai na lura da shi ba, a wani rahoto da ya fito a 2013 masu bincike sun kai Big Five wurin mutanen Tsimane a dajin Bolibiya, ma'aunan biyar ɗin ba su fito yadda suke fitowa a wurin ɗaliban jami'a na Turai da Amurka ba. Kenan kai da kanka za ka yi wa gwajin tafinta.

Matsala ta biyu ita ce babba, kunya da tarbiyya. An rene mu a kan cewa mutumin kirki mai haƙuri ne, mai kara, ba ya musu da babba, ba ya yabon kansa. To sai tambaya ta zo ta ce kana damuwa da halin da wasu ke ciki, wa zai ce a'a? Ko ta ce kana yawan zagin mutane, wa zai ce e? Hannunka da kansa zai tafi wurin amsar da Inna za ta ji daɗi. 'Yan mata sun fi shiga wanga tarko, na ga yarinyar da ko a cikin shagona ba ta barin kowa ya yi magana amma ta fito a mai shiru mai son kaɗaici, don a ganinta haka ya dace ɗiya mace ta kasance. Akwai kuma masu juya abin, duk tambayar da ta yi kama da yabo sai su ƙi ta don kada su yi fariya, a ce kana da ra'ayoyi masu kyau ya ce a'a wane ni. Babu mai ganinka, ba maki ake ba ka ba, ba hisabi ba ne.

Nawa labarin kuwa, karon farko da na yi mai haruffan na fito da J mai ƙarfi, wato mutumin tsari, komai a wurinsa. Na ji daɗi na kai wa maiɗakina wayar na ce ki karanta ki san wa kike aure. Ta karanta har ƙasa ba ta ce komai ba, ta tashi ta jawo jakar da nake zuwa shago da ita ta zazzage a kan tabarma. Rasit na wata bakwai a cukurkuɗe, filasha guda biyar babu wadda na san abin da ke cikinta, cajar da ta mutu tun bara, katin asibitin yaro da muka yi sati biyu muna nema har na ce ita ta ɓatar. Ta ce "Maigida, wanga mutum da ag ga waya ban san shi ba, amma mai wagga jaka mijina ne." Ban yi ƙarya da gangan ba fa, da aka tambaye ni ina son tsari na ce e saboda da gaske ina son shi, yi ne ba na yi.

Daga ranar na kafa dabarar da nake tilasta wa duk wanda ya zauna a kujerata. Kowace tambaya, kafin ka danna, ka tuno karo uku na ƙarshe da abin ya faru da gaske a cikin wata ɗaya ko biyu da suka wuce. An ce kana gama aiki kan lokaci, kada ka tambayi zuciyarka, ka tambayi ayyuka uku na ƙarshe da aka ba ka, nawa ka kai ranar da ka ce. An ce kana fara magana da baƙo, tuno motar da ka shiga zuwa Jega ko Sakkwato, kai ka fara yi wa na kusa da kai magana ko har kuka sauka ba ka san muryarsa ba. Uku cikin uku, danna ɗigon ƙarshen layin amsa, wato na yarda ƙwarai. Biyu cikin uku, na kusa da shi. Shafukan suna cewa kada ka tsaya dogon tunani ka amsa abin da ya fara zo maka, ni ban yarda da wannan ba a wurinmu, abin da ke fara zo mana shi ne abin da aka koya mana ya dace. Zai ɗauke ka minti ashirin maimakon goma, ba komai. Sannan ɗigon tsakiya, na ba ruwana, kada ka wuce biyar a gwajin gaba ɗaya, na ga wanda ya danna tsakiya kusan rabin tambayoyin don kara, sakamakonsa ya fito kamar kunun da babu tsamiya babu suga. Kuma ka zaɓi mutum ɗaya da za ka amsa a madadinsa, don kai na gaban Baba daban, kai na cikin abokai daban, ka ɗauki wanda kake zama in babu wanda kake jin nauyinsa a wurin.

Sakamako ya fito, mataki na huɗu. Mutane na tsallake lambobin su tafi wurin dogon bayani mai daɗi, su ce kai wanga abu ya san ni. A 1948 wani malami a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa gwaji sannan ya ba kowa takardar bayanin halinsa, suka ba ta maki wajen 4.3 cikin 5 wai ta dace da su, alhali takarda ɗaya ce ya raba wa kowa, ya tsinto jimlolin daga littafin masu duba taurari. Irin maganar ɗan duba ce da zai ce maka akwai wani na kusa da kai da ba ya son ci gabanka, wa ye ba shi da irin wannan? Don haka kaso za ka duba. In ya ce 52 cikin ɗari kai mai lissafi ne 48 mai duba zuciya, harafin nan ba ya nufin komai, a tsakiya kake, amsa ɗaya ta canza ka koma wancan gidan, shi ya sa mutane da yawa in sun sake bayan 'yan makonni harafi ke sauya musu. Wanda ya kai 75 ko 80 shi ne abin kamawa. Ɗauki hoton allon ka ajiye.

Na biyar, ka ba wanda ya san ka, mata ko miji ko abokin da ba ya jin kunyarka, ya amsa tambayoyin a kanka ba tare da ya ga naka ba, ku gwada. Inda kuka saɓa nan ne abin dubawa. Kada ka ba ƙanenka ko yaron shagonka, yabonka kawai zai yi.

Na shida ka sake bayan sati biyar ko shida ka haɗa da hoton farko. Abin da ya tsaya naka ne, abin da ya motsa yanayin ranar ne.

Amfani da shi kuma gajere ne. In ka ga kai mai tsiro da sabon abu ne amma awon cika aikinka ƙasa, nemi abokin sana'a irin ɗan'uwan nan na biyu na fadama, ni yanzu ƙanen maiɗakina ke riƙe littafin shago da rasit. Kada ka zaɓi kwas da shi, kada ka fasa aure da shi, an zo mini da wannan har sau biyu wai haruffansu ba su dace ba na ce su tashi su ba ni wuri. In kuma kamfani ne ya turo maka irinsa wurin neman aiki, ka sani sukan maimaita tambaya ɗaya ta fuska biyu, a nan a ce kana gyara kayanka, can ƙasa a ce kana barin kaya a warwatse, in ka ce e a duka biyun an gan ka.