Kafin ka sayi monita mai 240Hz, duba wanda ke gabanka tukuna

Wani abokina ya yi wata biyu cur yana buga Valorant, wani wasan harbi na kwamfuta, a sabon monita mai 144Hz, kullum yana cika baki wai yanzu idonsa ya buɗe, harbinsa ya gyaru. Ranar da na zauna a kujerarsa na motsa maus sau ɗaya na ce masa malam wannan abin a 60 yake. Ya rantse ba haka ba ne, muka buɗe setin, sai ga 60Hz ɓaro-ɓaro. To daga nan za mu fara, don mutane da yawa kuɗi suke zubawa alhali matsalar tana cikin setin da ba su taɓa buɗewa ba.

Abu biyu ne ake rikita su. FPS shi ne yawan hotunan da kwamfutarka take haɗawa a kowane sakan, kowane hoto shi ake ce wa firam, wannan aikin firosesa ne da katin hoto, wato graphics card. Hz kuma yawan lokutan da monita yake sabunta abin da yake nunawa a sakan ɗaya. Kwamfuta na iya ba ka firam 300 amma in monita 60Hz ne, sau 60 kawai zai sabunta fuskarsa. Haka in ka juya, monita mai 240Hz da kwamfutar da take fama da firam 70, ka dai yi ado ne kawai.

Lissafin ba wuya, sakan ɗaya milisakan 1000 ne, sai ka raba 1000 da lambar Hz ɗin. A 60Hz kowane hoto yana zama kusan milisakan 16.7 kafin wani ya zo, a 144Hz ya koma 6.9, a 240Hz 4.2, a 360Hz kuma 2.8. Ka ga daga 60 zuwa 144 ka rage kusan milisakan 10, wannan ko wanda bai taɓa riƙe maus ba zai gani, amma daga 240 zuwa 360 ko milisakan ɗaya da rabi bai cika ba. Ni a ganina in ba gasa kake shiga da gaske ba, 144 ko 165 ya ishe ka, ragowar kuɗin ka sa a firosesa.

Yanzu aikin. A Windows ka shiga Settings, System, Display, sannan Advanced display, a nan za ka ga inda ake zaɓar Hz, ka ɗauki mafi girma. In ka buɗe ka tarar 60 kaɗai ke akwai to kar ka fara zagin monita, leƙa bayan kwamfutar. Sau da yawa kebul ɗin an soka shi ne a ramin madabod, wato babban allon kwamfutar, na sama maimakon ramin katin hoto da ke ƙasa, ko kuma tsohon kebul na HDMI ne da aka tsinto a cikin durowa. In monitan yana da DisplayPort, wato wani ramin kebul ɗin daban da HDMI, yi amfani da shi ka huta, don wasu monitocin ba sa ba da cikakken Hz ɗinsu ta HDMI. Bayan haka ka duba cikin wasan ma, wasu wasannin suna da nasu wurin zaɓar Hz daban.

Sai ka kunna lambar firam ka riƙa gani. A wasan Counter-Strike 2 ka buɗe konsol, wato wurin rubuta umarni, ka rubuta cl_showfps 1, a Valorant yana cikin Video a ƙarƙashin Stats. Amma don Allah kar ka tsaya kana kallon bango ka ga 400 ka hau murna, bango ba ya harbi. Lambar da ta dame ka ita ce wadda kake gani lokacin da aka jefa hayaƙi biyu, mutum biyar suka afko, gurneti na fashewa ta ko'ina, a nan ne firam yake faɗuwa kuma a nan ne ake kashe ka. Wasan da yake tsaye a 150 ba ya motsi ya fi daɗin hannu a kan wanda yake tsalle daga 280 zuwa 90 ya dawo, saboda hannunka yana sabawa ne da gudu ɗaya, in abin yana canzawa sai ka ji maus ɗin kamar yana sulɓewa, ka wuce kan mutum ka harbi iska, ka zo kana cewa intanet ne.

In firam ɗin bai kai ba, fara da rage inuwa da ƙyale-ƙyalen haske, su ne masu cin katin hoto. In ka rage komai har ƙasa lambar ta ƙi motsi, to firosesa ne ya kai iyakarsa, kuma irin waɗannan wasannin dama sun fi jingina a kansa. A nan sai ka rufe burauza da sauran abubuwan da ke gudu a baya, ka shiga BIOS, wato setin madabod da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka tabbatar XMP ko EXPO a kunne yake don RAM ta yi gudun da aka rubuta a jikinta, kuma sanda biyu na RAM sun fi ɗaya. Mai laftof kuwa ya sa caja, a kan batir ba za ta taɓa ba ka ƙarfinta duka ba, kuma ya ɗaga ta ta sha iska, zafi na sa ta rage gudu da kanta.

Saura maganar V-Sync da take jawo musu. Aikinsa ya hana hoton nan da yake yagewa gida biyu in ka juya da sauri, amma yana yin haka ne ta hanyar sa firam ya jira monita, jiran nan kuwa jinkiri ne tsakanin danna maus da fitar harsashi. In V-Sync ne shi kaɗai dai, kashe shi. Daga nan hanya biyu ce. Ko ka saki firam ya tafi iya ƙarfinsa, ka haƙura da ɗan yagewar, don ko monita bai nuna duka ba abin da zai nuna ya fi zama sabo, shi ya sa firam 300 a monita mai 144Hz yake da amfani har yanzu. Ko kuma ka kunna G-Sync na Nvidia ko FreeSync na AMD, inda monita ne yake bin gudun katin hoto, sai ka ɗaure firam ƙasa kaɗan da Hz ɗinka, misali 141 a kan 144, don da zarar ya haura iyakar monita fasahar ta daina aiki. A Counter-Strike 2 umarnin shi ne fps_max sai lambar. Ni na biyun nake bi in kwamfutar ba ta ninka Hz ɗin monita, in tana ninkawa sai in sake ta. In kuma wasan yana da Nvidia Reflex kuma katinka na Nvidia ne, kunna shi, yana rage layin firam da ke taruwa idan katin ya cika da aiki.

Wani abu da ake mantawa, monitoci suna da setin da yake hanzarta canjin launi, wasu kamfanoni suna ce masa Overdrive wasu Response Time. Kar ka kai shi ƙarshe, za ka fara ganin wani farin zane yana bin bayan duk abin da ya motsa, na tsakiya yawanci ya fi.

Kuma in kana ganin mutane suna ɓacewa su bayyana a wani wuri, ko ka shige bayan bango sannan ka faɗi, alhali lambar firam tana tsaye, wannan ba monita ba ne, fing ne, wato jinkirin intanet tsakaninka da sabar wasan, ka cire Wi-Fi ka jona kebul na intanet ka sake gwadawa.