Yadda ake kallo da tara tsofaffin finafinan Japan marasa murya

Duk wanda ya riski majigi a Katsina, ko yake kallon finafinan Indiya na fassara, ba zai sha wuyar fahimtar finafinan Japan na farko ba, domin ba a saba nuna su shiru ba. A gefen allo akwai mai bayani da ake kira benshi, wanda yake ba da labarin yana sauya murya daga ta tsoho zuwa ta budurwa, har ta kai wasu 'yan kallo sunan benshi ne yake kai su silima, ba na ɗan wasa ba. Saboda haka, idan za ka sayi faifai, ka fifita wanda aka naɗa da muryar benshi, irin su Sawato Midori.

Ka sani tun farko cewa mafi yawan finafinan sun salwanta. Girgizar ƙasar Kanto (yankin Tokyo) ta 1923 da ruwan bama-baman 1945 sun cinye da yawa, ga shi kuma zaren fim na lokacin, mai sinadarin naitiret, da kansa yake ruɓewa ko ya kama da wuta. Wanda ya tsira ma wani lokaci guntu ne, kamar Chuji Tabi Nikki na 1927, wanda aka gano wani sashensa a 1991.

Ina ganin ya fi kyau ka fara da Umarete wa Mita Keredo na darakta Ozu (1932), labarin yara biyu da suka ga mahaifinsu yana rusuna wa maigidansa, sannan Orochi (1925). Kurutta Ippeji na 1926, wanda daraktansa Kinugasa ya sake ganowa a ma'ajiyarsa a 1971, ka bar shi sai idonka ya saba, domin babu rubutun bayani a cikinsa ko kaɗan.

Wajen saye, ka duba lambar yanki a bayan kwali: DVD na Japan lamba 2 ne, namu kuwa lamba 5, don haka sai da na'urar da take karanta kowane yanki. Kada ka yi sha'awar mallakar ainihin zaren naitiret, domin zafin Afrilu a Katsina ba zai bar shi lafiya ba. Faifan ma ka jera su a tsaye cikin akwati mai murfi, a ɗakin da rana ba ta dukansa, saboda ƙurar hunturu, kuma ka rubuta shekarar fim da sunan benshi a jikin kowane kwali.