Layin Keke a Landan: Farin Fenti Ba Katanga Ba Ne

Duk wanda ya sauka Landan ya yi wata guda yana biyan kuɗin jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuciyarsa za ta fara raya masa sayen keke. Ba laifi, ni ma haka na yi. Sai dai ɗan'uwa, iya keken da ka taho da shi daga Kano ko Maraɗi rabin ilimi ne a nan. Najeriya ta koma hannun dama tun 1972, Nijar ma dama take bi, nan kuwa hagu ake bi. Sati biyun farko wuyanka zai riƙa waiwayar ɓangaren da babu mota. Nemi lungu mara cunkoso ranar Lahadi da sassafe ka yi ta zagaye har jikinka ya saba.

Layukan keke ba ɗaya suke ba. Akwai wanda aka raba da titin mota da dakalin siminti, irin na bakin kogin Tems da aka buɗe a 2016. Wannan kam ka shiga ka sakata ka wala. Akwai na farin fenti miƙaƙƙe, wanda doka ta hana mota shigarsa a lokutan aikinsa. Sai mai fenti tsinke-tsinke, wanda direba zai iya takawa idan ta kama dole, kuma a wurin wasu direbobin kullum ta kama dole.

Irin na ukun nan ne ya koya mini hankali. Wata yamma cikin hunturu ina tafe a tsakiyar layina, raina kwance, motoci na fake a jere ta hagu. Ban ankara ba wani ya banko ƙofa. Kafaɗata ta daki bakin ƙofar, ledar cefanena ta fashe, albasa na gangarawa ƙarƙashin bas, mutumin na ta ba ni haƙuri. Ban karye ba, amma na yi kwana goma ban iya ɗaga hannu sosai a kabbara ba. Layin da na amince wa shi ya ajiye ni daidai inda ƙofa ke buɗewa. Tun ranar, mita guda nake bari tsakanina da duk motar da ke tsaye, ko da hakan zai fitar da ni daga fentin.

Kuma fitar ba laifi ba ce. Kundin dokokin hanya na Birtaniya, Highway Code, a doka ta 61, ya ce ka bi layin keke inda zai sauƙaƙa maka tafiya ya kuma tsare ka, amma bai wajabta ba. Gyaran da ya fara aiki ranar 29 ga Janairun 2022 ma ya ƙara da cewa mai keke na iya kama tsakiyar hannunsa a ƙananan tituna, da cikin cunkoso, da gab da mahaɗa. Direba kuma zai bar maka aƙalla mita 1.5 in zai wuce ka a gudun da bai haura mil 30 a awa ba. Duk da haka za ka gamu da mai danna maka hon yana nuna maka layi da yatsa. Kada ka biye masa. In ka samu sarari ka ba shi hanya ya wuce da fushinsa.

Masu cewa a tilasta wa kowa bin layin, na fahimce su: an kashe kuɗi an rage musu titi, sannan su ga mai keke a gabansu yana jan jiki. Amma su zo su hau su gani. Fasassun kwalabe da jiƙaƙƙen ganye duk gefe suke taruwa, ga murfin magudanar ruwa, ga motar kai kaya ta toshe, ga layin da zai ƙare kwatsam a bakin shataletale, daidai inda ka fi bukatarsa. Wanda zai zarce Holan ko Jamus ya sani can da bambanci: in ka ga zagayayyen allo shuɗi mai hoton keke, bin layin dole ne.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne babbar mota a bakin danja. Layin zai ja ka ta gefen hagunta, ga fili kamar an share maka. Kada ka shiga. Direban yana can sama, akwai wuraren da ba ya hangowa, kuma in zai karya hagu sai ya fara buɗewa dama, ka ɗauka miƙewa zai yi, sannan gindin motar ya matso ya rufe filin. Tsaya bayanta, ko da masu keke goma sun wuce ka.

Sauran a taƙaice. Hawa keke a daɓen masu tafiya a ƙasa haramun ne tun dokar 1835, kuma ana cin tara. Jar danja ta shafe ka. Da dare sai da farar fitila a gaba da ja a baya, ka tuna a Disamba ƙarfe 4 ake magariba. Hular kwano ba doka ba ce, amma ni ba na fita babu ita. Keken lantarki kada injinsa ya wuce wat 250, kuma ya daina tura ka in gudu ya kai mil 15.5 a awa, wanda ya haura haka babur ne a idon 'yan sanda, ƙwacewa suke yi. Ɗalibai masu sha'awar aikin kai abinci su kula, bizar karatu ba ta yarda da irin wannan aikin cin gashin kai ba.

Kafin ka saya, ɗauki na haya na Santander ka gwada kwana biyu, ka kuma tambayi ƙaramar hukumar unguwarku, da yawansu na koyar da manya kyauta. Ranar Juma'a in za ka masallaci da jallabiya, naɗe ta ka cusa a ƙugu. Sarƙa ta ci mini guda biyu, ɗaya ma ta sallah ce.