Idan Kin Tsinci Fankon Magani a Ɗakin Ɗanki

Ina da kemis a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina. Iyaye mata sun fi kowa kawo mini fanko a ƙulle a bakin zani, suna cewa, "Malam, wannan na mene ne?" Ga abin da nake gaya musu.

Hajiya, kar ki jefar da fankon, shi likita zai fara tambaya. Kodin da tiramol dangi ɗaya ne: gyangyaɗi, ƙaiƙayi, bayan gida ya yi tauri. Rochi, wata ƙwayar sa barci, kan bar shuɗi a harshe, magana ta yi nauyi. Tiramol ɗin da aka amince a sayar mai miligiram 50 ne da mai 100. Kika ga 225, ta bayan fage ya shigo. Maganin tari mai kodin kuwa tun Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi, amma bai ɓace ba. Yara na juye shi a robar lemo, su sha a gabanki. Ki duba ɗakin 'yan mata ma, domin binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna a cikin masu shaye-shaye huɗu, ɗaya mace ce.

Kar ki tare ɗan naki yana cikin maye, ba zai tuna komai ba. Ki bari sai da safe, ku biyu, ba a gaban ƙannensa ba. Ki tambaye shi yaushe ya fara, nawa yake sha a yini, me yake gaurayawa. Sannan ki yi shiru ki saurara, ko da ranki na tafasa. Da yawansu ba don iskanci suka fara ba: wani ɗan dako ne aka ce ƙwaya za ta ba shi ƙarfi, wani barci ne ya ƙaurace masa. Idan mahaifinsa mai zafin hannu ne, ki fara da kawunsa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne a garƙame yaro a ɗaki wai ya daina a yini ɗaya. Wanda jikinsa ya saba da rochi ko ɗan uwansa diazepam, yanke masa kai tsaye na iya jawo farfaɗiya, har a rasa rai. A hankali likita ke rage masa. Gidan mari kuma, kowa ya ga waɗanda 'yan sanda suka fitar a Daura da Katsina a 2019, da sarƙa a ƙafa. Ki kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ba sai mutum ya haukace ake zuwa can ba. NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ma tana da masu ba da shawara, ba kamu kaɗai take yi ba.

Idan kuwa kin tashe shi ya ƙi tashi, numfashinsa na fita da ƙyar, ki kwantar da shi a kan gefensa. Kar a ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. A nemi Keke Napep, a tafi da shi asibiti tare da fankon.