Zaɓen fis ko bireka idan za a mayar da batirin mota cikin but

A mazauninsa na asali ƙarƙashin bonet, batiri yana kusa da kik, wato na'urar da ke juya injin don tada mota, kuma kebul ɗin da ya haɗa su yakan zama gajere ƙwarai, shi ya sa kamfanoni da yawa ba sa sanya masa fis ko kaɗan. Da zarar an ɗauke batirin zuwa but, ko don a samar wa injin fili, ko don a daidaita nauyin mota, ko don a raba shi da zafi, lamarin ya sauya, domin yanzu akwai kebul mai wuta mai tsawon mita 4 zuwa 5 da zai ratsa ƙarƙashin kujeru ko cikin mota, ya wuce kusa da tankin mai da bututunsa. Idan robarsa ta goge ta taɓa bodi, batirin mai folt 12 yana iya tura wutar da ta haura amfiya 1,000 a cikin ƙiftawar ido, kuma kashe mota da makulli ba zai tsayar da ita ba.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne cewa aikin babban fis kare kebul ne, don haka kaurin kebul ɗin ne ke yanke hukuncin girmansa. Saboda wannan dalili a fara da zaɓen kebul. Waya mai jan ƙarfe zalla mai kaurin murabba'in milimita 35 da tsawon mita 5 takan cinye kusan rabin folt idan kik yana jan amfiya 200, mai kauri 50 kuwa kusan folt 0.35 kawai take cinyewa, alhali mai kauri 25 takan kai folt 0.7, wanda ya isa ya sa mota ta riƙa nauyin tashi da sanyin safiya. Ga ƙaramin injin fetur mai silinda 4, kauri 35 ya wadatar, amma injin dizal ko babban injin mai silinda 6 ko 8 ya fi dacewa da 50. A yi hattara da kebul mai araha da ake sayarwa a shagunan kayan kiɗan mota, wanda cikinsa alminiyam ne aka shafe shi da jan ƙarfe, domin abin da yake iya ɗauka bai wuce kusan kashi 60 cikin 100 na takwaransa ba. Idan aka kankare bakinsa da wuƙa aka ga fari, to shi ne. Kebul ɗin walda na gaske ya fi shi nesa ba kusa ba.

Daga nan sai girman fis, kuma a nan ne mutane suka fi rikicewa. Dole ne ya yi girman da kik ba zai ƙona shi ba, kuma kada ya wuce abin da kebul zai jure. Kik na ƙaramin injin fetur yakan ja tsakanin amfiya 100 zuwa 200 yayin da yake juya injin, na dizal kuma yakan haura 300, sannan a farkon murɗa makulli wutar takan yi tsalle sama da haka na ɗan lokaci kaɗan. Abin da ke warware wannan shi ne irin fis ɗin da aka ƙera don ya yi jinkirin ƙonewa, kamar MEGA da ANL, waɗanda sukan jure ninkin adadin da aka rubuta a jikinsu na wasu daƙiƙu kafin su narke, amma su yanke nan take idan waya ta haɗu da bodi. A bisa ƙiyasin da aka saba aiki da shi, kebul mai kauri 35 yana tafiya da fis na kusan amfiya 200, mai kauri 50 kuma da na 250. Idan fis ɗin da ya dace da kebul yana yawan ƙonewa wajen tada mota, maganin shi ne a ƙara kaurin kebul ko a duba lafiyar kik. Ƙara girman fis kaɗai ganganci ne, haka ma ɗaure wurinsa da guntun waya kamar yadda ake yi a wasu gareji, domin wannan daidai yake da cire kariyar gaba ɗaya.

Mutane da yawa sun fi son bireka, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa idan ta yi yawa, saboda ana iya danna ta a kashe wuta lokacin gyara, kuma idan ta faɗi sai a ɗaga ta kawai ba tare da sayen sabuwa ba. A ganina, fis ya fi ta aminci a kan babban layin kik. Yawancin birekokin mota da zafi suke aiki, kuma but ɗin motar da ta wuni a rana yana da zafin da zai sa su faɗi kafin su kai adadinsu, ga shi na kirki ba su cika wuce amfiya 150 zuwa 200 ba, marasa suna kuwa ba a san a inda za su yanke ba. Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: idan bireka ta faɗi alhali injin yana aiki, altaneta za ta rabu da batiri farat ɗaya, wutarta ta yi tsalle, wanda yana iya lalata kwamfutar mota. Wanda ke son hanyar kashe wuta da hannu ya sanya makunnin batiri mai ƙarfi bayan fis, kuma kada ya murɗa shi sai injin yana kashe.

Wurin da za a ɗaura fis yana da muhimmanci kamar girmansa, domin duk tsawon da ke tsakanin kan batiri da fis ba shi da kariya. Ƙa'idar wayarin jiragen ruwa ta Amurka ta ce kada tazarar ta wuce inci 7, wato kusan santimita 18, kuma ita ce ta fi dacewa a bi a nan. Akwai wani nau'in fis mai suna MRBF da ake ɗaurawa a kan batirin kai tsaye, wanda ke kawar da wannan tazarar baki ɗaya. Idan batirin litiyom ne, a nemi fis mai ƙarfin yanke babbar wuta kamar Class T, wanda ke iya tsayar da amfiya 20,000, alhali MEGA iyakarsa kusan 2,000. Kamfanin BMW, da ya daɗe yana ajiye batiri a but, yakan sanya wa kan batirin wata na'ura da ke tsinke layin kik idan aka yi karo mai tsanani, kuma wannan ya nuna yadda masu ƙera mota ke ɗaukar dogon kebul da muhimmanci.

Akwai wani tsarin da na fi yabawa ga manyan injuna, wato a sanya salanoid, makunnin da ke sakin babbar wuta idan an murɗa makulli, kusa da batirin a cikin but, ta yadda babban kebul ba zai ɗauki wuta ba sai lokacin da ake murɗa makulli. Sai a ja wata waya dabam don caji da sauran kayan wuta, a ba ta fis ɗan sama da ƙarfin altaneta, misali 125 ko 150 ga altaneta mai amfiya 100, muddin kaurinta zai ɗauka. A kowane tsari, duk inda siririyar waya ta fita daga babban kebul a gaban mota, tana buƙatar nata fis ɗin a daidai mahaɗar, domin fis na 250 ba zai ji komai ba har ƙaramar waya ta ƙone ƙurmus.

A sanya zoben roba a kowane rami da kebul zai bi, a ɗaure batirin da ƙarfe cikin akwati mai bututun fitar da iska zuwa waje saboda iskar haidirojin da yake fitarwa wajen caji, sannan a haɗa wayar at, wato wadda ke haɗa batiri da bodi, mai kauri ɗaya da babban kebul a jikin ƙarfen da aka kankare fentinsa. Bayan an gama, a sa mitar auna folt tsakanin kan batiri da kan kik yayin da wani ke tada motar. Idan faɗuwar wutar ta wuce rabin folt sosai, ko mazaunin fis ya ɗumama a hannu, a kwance mahaɗan a goge su a sake ɗaurewa kafin a hau titi.