Yadda za ka zaɓi na'urar tuƙa keke a cikin ɗaki

In ƙurar hunturu ko cunkoson titin Ahmadu Bello sun hana ka fita da keke, ga matakan da za ka bi.

1. Duba abin da ke hannunka. In kana da keke mai kyau, ba sai ka sayi keken ɗaki sukutum ba. Na'urar da za ka ɗora shi a kai ta ishe ka.

2. Na'urar iri biyu ce. Akwai wadda tayar baya ke gogar ƙarfe: tana da araha, amma tana cin taya, ga ƙara. Ɗayar kuwa, irin Wahoo KICKR, cire tayar ake yi a ɗaura sarƙa kai tsaye. Ita na fi so, musamman ga mazaunin gidan haya mai son atisaye bayan asuba. Kafin ka biya, ƙirga giyar bayan kekenka, 9 ce ko 11, ka tabbatar sun dace da na'urar.

3. Yi tunanin wuta. Yawancin masu haɗuwa da waya sai da lantarki, amma samfurin Tacx Neo tana aiki ko an ɗauke. In ba ita ba ce, tanadi inbata.

4. Tabbatar tana haɗuwa da wayarka ta Bluetooth. Manhajar atisayen keke ta Zwift sai da intanet da kuɗin rajista, ka sa su a lissafi.

5. Kada ka manta fanka da tawul. A zafin Maris da Afrilu gumi zuba yake yi, kuma gishirinsa na sa ƙarfe tsatsa, don haka goge keken da zarar ka sauka.