Babi na Shida: Yadda Aka Kafa Gwamnatin Nijeriya ta Farko

Darasi na ɗaya

Ku buɗe littafin rubutu. A layin farko, daga hannun hagu, ku rubuta: 1 ga Oktoba, 1960. A wannan rana Nijeriya ta karɓi mulkin kai daga Turawan Ingila, aka yi biki a Legas.

Gwamnatin da ta karɓi mulkin kuwa tun zaɓen 12 ga Disamba, 1959 aka fara shirya ta. Kujerun Majalisar Wakilai 312 ne. Jam'iyyar NPC ta mutanen Arewa ta ci 134, jam'iyyar NCNC mai ƙarfi a Gabas da ƙawarta NEPU ta su Malam Aminu Kano suka ci 89, jam'iyyar AG mai ƙarfi a Yamma ta ci 73. Ku raba 312 gida biyu, a hankali, ba sauri ake yi ba. Kun samu 156? Madalla. To, sai jam'iyya ta wuce rabin kujeru za ta iya kafa gwamnati ita kaɗai, kuma babu jam'iyyar da ta kai haka, shi ya sa NPC da NCNC suka haɗa kai suka kafa gwamnati. Obafemi Awolowo na AG ya zama jagoran 'yan adawa.

Darasi na biyu

A nan ne kusan kowa ke yin tuntuɓe, don haka kada ka ji kunya in ka ruɗe. Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, shi ne shugaban NPC, amma ya zauna a Kaduna yana Firimiyan Jihar Arewa. Mataimakinsa a jam'iyya, Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi ne Firayim Minista na ƙasa baki ɗaya, yana Legas.

Mu maimaita tare. Sardauna, Firimiya, Kaduna. Tafawa Ɓalewa, Firayim Minista, Legas. Kalmomin biyu sun yi kama a kunne, duk da "Fir" suka fara, nan ruɗanin yake. Ɗora yatsa a ƙarƙashin kowace. Firimiya kalma ɗaya ce, mai jiha ɗaya. Firayim Minista kalma biyu ce, mai riƙe da ƙasa duka. Sake faɗa da ƙarfi. Wa ke Legas? Tafawa Ɓalewa. Wa ke Kaduna? Sardauna.

Haba jama'a! Sau nawa za a faɗa? Har yanzu akwai masu rubuta "Sardauna shugaban Nijeriya", alhali ba su ko duba allo ba. Wanda bai yi bita a gida ba, kada ya ce karatu ne ke da wuya. Ku rubuta layukan nan biyu sau biyar biyar kafin ku tashi.

Darasi na uku

Nnamdi Azikiwe ya zama Gwamna-Janar a 16 ga Nuwamba, 1960, ya gaji Bature James Robertson. Gwamna-Janar wakilin Sarauniyar Ingila ne, aikin gwamnati na yau da kullum yana hannun Firayim Minista. Muhammadu Ribaɗu ne Ministan Tsaro.

Darasi na huɗu

A 1 ga Oktoba, 1963 Nijeriya ta zama jamhuriya, Azikiwe ya koma Shugaban Ƙasa. Ku kwafe wannan jimla.